Haƙori na Shida

Shekarar da aka fara koya mana siffar haƙori a jami'a, da sabulu muka koye ta. Za a ba ka sandar sabulun wanki da 'yar wuƙa, a ce ka sassaƙa haƙorin gaba na sama, ko fiƙa, ko turmi, da tuddansa da kwarinsa da saiwoyinsa. In ka gama malami ya zo ya jujjuya shi a hannu ya ce wannan ba haƙori ba ne, gyaɗa ce. Na yanke yatsu ban san iyaka ba kafin in fitar da turmi ɗaya da ya karɓa bai ce uffan ba. Shi na naɗe cikin auduga na taho da shi gida hutun damina, ƙauyenmu da ke bayan Nasarawa Burkullu, don in nuna. Da na neme shi na rasa. Ashe Inna ta gan shi a bakin taga, ta wanke kwanukan tuwo da shi.

Da na yi magana ko ɗagowa ba ta yi ba. "Sabulu na, ko ba sabulu ba na?" in ji ta.

Haka gidanmu suka ɗauki karatuna. Yayana, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya kan ce duk cutar da ke duniya ni haƙori kaɗai na gano. Maƙwabta su zo da ciwon baya da jiri da kumburin ƙafa, in ce ba fannina ba ne. Mai ciwon haƙorin ma in ya zo, in ce ba a ba ni izinin taɓa bakin kowa ba tukuna. Sai su tashi suna kallon Inna da tausayi, kamar wadda aka sayar wa akuya marar nono. Abin yana ƙona mini rai, amma ina haɗiyewa.

A wannan hutun ne na lura da 'yar yayana ta fari. Shekararta bakwai da 'yan watanni, tana tsakiyar famfara, haƙoran gaba na sama biyu sun faɗi, kowa a gidan yana kiranta tsohuwa. Wata rana ana gasa sabuwar masara sai na ga da gefen dama kawai take tauna. Da ta sha ruwan randa kuma ta dafe kuncin hagu, ta tsaya cak, can ya sake ta ta koma wasa. Na kira ta tsakar gida inda rana ke haskawa, na ce ta buɗe baki. Ta ce, "Gwaggo, ba ki ɗebe mani shi ko?" Na ce ba abin da zan cire, dubawa kawai zan yi. Na danne harshen da bayan cokali, na haska da waya, na fara ƙirga daga tsakiya kamar yadda aka koya mana. A ƙasa ta hagu, na shida, can ƙarshe, ga kogo baƙi a tsakiyar turmin, da ɓarɓashin masara a ciki.

Na san wane haƙori ne. Haƙoran nono ashirin ne a bakin yaro. In ka fara daga tsakiya, biyar ne a kowane gefe, sama da ƙasa: na gaba biyu, fiƙa ɗaya, turame biyu. Kowane ɗayansu akwai na dindindin kwance a ƙarƙashinsa cikin ƙashi, yana cin saiwarsa a hankali har ya girgiɗe ya faɗi. Amma na shida ba ya cikin wannan lissafi. Yana fitowa wajen shekara shida, a bayan duk na nonon, a filin da babu kowa. Ba wanda ke faɗuwa dominsa, kuma babu komai a ƙarƙashinsa sai ƙashi. Tun wajen lokacin da aka haifi yaro yake fara ginuwa cikin muƙamuƙi, kuma da shi za a ci tuwo har tsufa in an bar shi. Sauran manyan haƙoran ma da shi suke daidaita sahu in sun zo.

Mu kuwa a wajenmu famfara abu ne na hayaniya. Haƙorin gaba ya fara motsi, yaro ya yi ta wasa da shi da harshe, a yi ta tsokanarsa. In ya faɗi a ce rufe bakinka kada ƙadangare ya ga giɓin, a ba shi ya jefa kan ɗaki. Bayan 'yan makonni ga sabo. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya ga haka da idonsa sau ba adadi, don haka ya san abu ɗaya tabbas: sai tsoho ya faɗi sabo ke fitowa, kuma duk haƙorin da bai taɓa faɗuwa ba a bakin yaro na nono ne, wani na tafe. Shi na shida ba ya zuwa da shela. Wa ke leƙa ƙarshen bakin ɗan shekara shida?

Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne kuncin bai kumbura ba, dasashin lafiya lau, kuma zafin yana zuwa ne da ruwan sanyi ko zaƙi ya wuce. Haƙori hawa-hawa ne: farin ɓawo mai tauri a waje, wani mai ɗan laushi a ƙarƙashinsa, sannan ɗaki a tsakiya inda jijiya da jini suke. Alamu sun nuna ruɓar ba ta kai ɗakin ba. In aka kankare aka yi ciko, haƙorin ya tsira. Amma wurin da ke da kayan ciko mafi kusa da mu yana Gummi.

Da na gaya wa Yaya bayan la'asar, yana zaune kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya, bai ga abin magana ba. Ya ce ranar kasuwar Nasarawa zai kai ta wurin mutumin nan da ke zama kusa da kemis. Na san shi. Yana da benci da allura da filaya cikin kwanon ruwa, kuma rabin ƙauyukan nan sun zauna a bencin.

"A ɗebe shi ta huta," in ji Yaya. "Haure na na nono, ba ta ko hamhware shi ba. Wani na hitowa."

Na ce, "Yaya, wanga ba shi da magaji. In anka ɗebe shi, shi ke nan har ta mutu."

Ya yi dariya. "To ke likita, ki gyara mata mana."

Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai, don ya san ba zan iya ba. Na tashi na ɗauko ƙanwar yarinyar, 'yar shekara huɗu, na zaunar da ita gabansa na buɗe mata baki, na ce ya ƙirga da kansa daga tsakiya. Ya ƙirga da gatse, biyar. Na jawo babbar na ce ya ƙirga. Shida. Na ce to na shidan nan daga ina ya zo, wane ne ya faɗi ya ba shi wuri? Matarsa tana bakin murhu tana jinmu. Ita ce ta san duk haƙorin da ya faɗi a bakin 'yarta, kuma a hankali ta ce ba wanda ya taɓa faɗuwa a can ƙarshen bakin. Yaya ya yi mata wani kallo, ta mai da kai ga tukunya.

Ya ce, "Bakin yara ba ɗai ba na. Wani shina da yawa, wani kaɗan."

Da na bar maganar a nan da an zauna lafiya. Amma na daɗe da sanin wani abu. Tun da na fara wannan karatun ba na iya kallon mutum yana dariya ban leƙa bakinsa ba, kuma na sha ganin ramin da ke ƙasan bakin Yaya ta dama, inda turmin baya ya kwanto gaba ya kusa rufe wurin.

Na ce, "Yaya, sa halshenka ƙasa, nan ga dama. Mi kaj ji?"

Ya ƙi. Amma harshe ba ya jin umarni, na ga kuncinsa ya motsa.

"Kana da shekara nawa anka ɗebe maka shi? Ba ce maka anka yi wani na hitowa ba? Yau ɗiyanka nawa? Ya hito?"

Yaya ya ajiye fartanyar. Ban taɓa yi masa magana haka ba, ballantana gaban matarsa da 'ya'yansa. Amma ba shi ne ya amsa ba. Inna ce ta fito daga ɗaki riƙe da carbi, kuma sai a lokacin na tuna wanda zai kai ɗan shekara takwas bencin kasuwa.

"Ni nik kai shi," ta ce. "Goye nik kai shi, yana kuka kwana da kwanaki. To hwaɗi. Ce Inna ta ɓata bakin ɗiyanta."

Na ce ban ce haka ba, ba ta sani ba ne, ba wanda ya gaya mata. Ta ce ai yanzu an gaya mata, 'yar da ta haifa ta tafi birni ta dawo ta gaya mata. Na ji kunya, na ji tausayinta har cikin ƙashina, amma ban janye ba. Na ce na Yaya ya riga ya tafi, na yarinyar nan yana nan.

Sai ta kawo maganar da kowa ke kewayewa. "Hanyag Gummi fa? Ke ba ki san abin da ka hwaruwa ba? Dawa ta rufe mutum da babur. Ki ɗauki ɗiyar mutane ki kai ma ɓarayi kan haure?"

Gaskiyarta ce. An sha tare mutane a hanyar, mun san wasu da aka ɗauka, mun san wanda bai dawo ba. Ni ma duk ranar da zan koma makaranta a tsorace nake fita. Amma abin da ke cin raina shi ne wannan: hanyar nan ana binta. Ranar kasuwar Gummi maza suna haɗuwa su tafi ayari ɗaya a kan babura, a sayo taki, a kai wake, a sayo kayan gyaran mashin, a je ta'aziyya. Yaya da kansa ya bi ta bai daɗe ba saboda maganin feshi. Mun bar gonarmu ta nesa, mun daina zuwa bikin 'yan'uwa a Zugu, duk abin da aka ce hanya sai mu ce to a bar shi. Abin da muka ga ya kai, muna fita dominsa. Bakin yarinya ne bai kai ba. Na faɗi haka, kusan da waɗannan kalmomin, da ƙarfi kuma, har maƙwabta suka ji.

Yaya ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce, "Ni ba ni kai ta. In kin kai ta, ke da Allah." Ya fice.

Bai hana ni ba, kuma na riƙe wannan. Ranar kasuwar Nasarawa ta zo ta wuce bai ɗauki yarinyar ba. Ba ya yi mini magana, Inna ma gaisuwa kawai take amsawa. Da safiyar kasuwar Gummi na fito ɗaki da mayafina, ban san ko ni kaɗai zan tsaya a ƙofar gida kamar mahaukaciya ba. Sai na tarar matar Yaya ta riga ta yi wa yarinyar wanka, ta sa mata kayan sallarta, ta ɗaura mata ƙosai a leda. Ba ta ce mini komai ba sai, "Ki riƙe ta da kyau." Idanunta sun yi ja.

Na ɗauki ɗan kabu-kabun unguwarmu, dattijo mai 'ya'ya, muka shiga tsakiyar ayari. Yarinyar tana tsakanina da shi. Hanyar ƙasa ce, ruwa ya cinye ta, dawa da gero sun yi tsawo hagu da dama ba ka ganin komai sai ganye. Duk inda hanya ta lanƙwasa sai in ƙara riƙe yarinyar. Duk addu'ar da na sani na karanta ta, na sake. A raina ina cewa in wani abu ya sami yarinyar nan, ba wanda zai yafe mini, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. Ita kuwa tana ta nuna mini shanu. Sai da tayar babur ta hau kwalta na tsagaita addu'a.

A asibiti muka sami wata ma'aikaciyar haƙori, babbar mace mai faɗa. Da na ce ni ɗaliba ce ta ce to in tsaya gefe in riƙe fitila, kada in taɓa mata komai. Ta duba, ta ƙwanƙwasa, ta tambayi yarinyar ko yana hana ta barci. Sannan ta kankare ruɓar a hankali, ina kallo baƙin yana fita, har ta kai wuri mai tauri mai tsabta. Bai kai jijiya ba, amma saura ƙiris. Ta ce da an ƙara wata biyu-uku da wata magana ake yi, don saiwar irin wannan haƙorin ma ba ta gama ginuwa a wannan shekarun. Ta cike shi, ta duba sauran na shidan guda uku ta ce lafiyarsu ƙalau, a riƙa goge su. Yarinyar ta yi kuka kaɗan, ta ciji yatsan matar sau ɗaya, aka gama. Na fita waje na jingina da bango ina dariya ni kaɗai, hawaye na zuba.

Da muka koma inda ayari zai tashi, sai muka tarar ba mai tafiya. Labari ya zo cewa an ga ɓarayi sun tsallaka hanya da rana tsaka, wasu sun ce an tare mota, wasu sun ce babura. Kowa ya nemi inda zai raɓa. Na kai yarinyar gidan wata 'yar'uwar Baba da ke aure a Gummi. Na yi ta kiran wayar Yaya, ba ta shiga, don a ƙauyenmu sai an hau tudun bayan gari ake samun sabis, in ma akwai. Muka kwana, muka sake kwana. Ni na san muna lafiya. Su a gida abin da ya isa kunnensu kawai shi ne an tare hanya ranar da muka bi ta.

Daga baya matar Yaya ta ba ni labarin kwanakin. Yaya yana kan tudu da waya a hannu daga safe har rana ta faɗi. Mata sun fara shigowa suna zama shiru, irin zaman da ake yi in ba a san ko jaje za a yi ko ta'aziyya ba. Inna ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya, in ji ta, sunana kawai take kira tare da na yarinyar.

Da hanya ta buɗe muka dawo da hantsi. Tun daga bakin gari yara suka ruga da labari. Matar Yaya ta fito ba ɗankwali ta sure 'yarta. Yaya yana tsaye a zaure, ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya juya fuska ga bango kafaɗunsa suna motsi. Na wuce shi na shiga.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ta rame a 'yan kwanakin nan har na tsorata. Na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙa hannu aka ba ta yarinyar, ta shafa kanta, ta shafa hannuwanta da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske ta ce ta buɗe. Ta daɗe tana kallon ɗan farin cikon nan, wanda bai kai ƙwayar dawa ba.

"Wanga na?" ta ce.

Na ce shi ne.

"Kan wanga kinka kusa kashe ni."

Na so in ce ta yafe mini. Maganar ta zo har bakina, kuma na san ita take jira, da duk matan da suka cika tsakar gidan. Na ba ta haƙuri a kan kwanakin da ta yi ba ta ci ba, don wannan ya yi mini ciwo kuma har yau yana yi. Amma ta ɗago ta tambaye ni abin da ban shirya masa ba, ta ce in da za a mai da ranar baya, zan sake ɗaukar ta?

Na ce, "Ina ɗaukar ta, Inna."

Wata tsohuwa ta yi salati. Inna ta ci gaba da kallona, ni ma ban sunkuyar da kai ba. Yarinyar ta gaji da buɗe baki, ta zame daga hannunta ta nufi murhu, ta ɗauki masara ta kai gefen hagu.